Bayan banki ya hana: dillalan rance da masu bashi da ruwa a Kano

Wani maƙwabcina yana da tebur a Kantin Kwari, atamfa yake sayarwa da ’yan yadika. Saura kamar wata biyu azumi ya nemi rancen naira miliyan 2 a bankin da ya shekara tara yana ajiya, don ya saro kaya kafin cinikin sallah ya kankama. Mako uku yana sintiri. Ranar da zancen ya mutu, a tsaye wata ma’aikaciya ta gaya masa: “Alhaji, ka yi haƙuri, ba a amince ba.” Ya fito yana ƙoƙarin tayar da mashin ɗinsa, sai ga wani cikin shadda mai sitaci, jakar takardu a hammata, ya miƙo hannu. “Ranka ya daɗe, na ga yadda ka fito. Ai waɗannan ba sa ba mutum sai da ɗan gida. Manajan nan mutumina ne, aji ɗaya muka yi.”

Cikin kwana goma ya karɓe masa naira dubu 85. Dubu 15 na fom, dubu 30 wai na inshora, sai dubu 40 da za a ga wanda zai sa hannu a Legas da su. Daga nan waya ta koma a kashe.

Da ya ba ni labari, tambaya ɗaya na yi masa: shin me bankin ya ce ya hana? Ya ce wallahi bai tambaya ba, kunya ce ta rufe shi. To a kan wannan kunyar dillalin rance yake cin abinci. Wanda bai san abin da ya sa aka hana shi ba, duk wanda ya ce masa rashin hanya ne zai yarda, domin ya fi daɗin ji a kan a ce akwai matsala a takardunsa ko a cinikinsa.

Ga shi kuwa dalilan ba su da yawa, kuma yawancinsu mutum na iya gano su da kansa. Tun da aka shigo da lambar BVN a 2014, duk bashin da ka ci a banki, babba ko ƙarami, yana manne da sunanka. Akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tara tarihin bashin jama’a, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma kafin banki ya ba ka ko sisi sai ya leƙa can. A Kano abin da ya fi ɓata wa mutane suna shi ne rancen korona na 2020, wanda aka raba ta bankin NIRSAL. Mutane da dama sun karɓa a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, wasu ma dillalai ne suka cike musu fom suka yanki kasonsu tun daga tushe. Amma a rubuce bashi ne, kuma yana nan. Haka ’yar naira dubu 10 da aka ci a manhajar waya aka share, ita ma tana iya fitowa. Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar neman rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta kuma ba shi damar ƙalubalantar abin da aka rubuta masa bisa kuskure. Mutum nawa ne a Kwari ko Singa suka taɓa neman nasu?

Sai maganar asusu. Ɗan kasuwarmu yana iya juya miliyoyi a wata, amma hannu da hannu, ko ta na’urar POS ta yaron shago, ko ta asusun ƙaninsa. Banki ba ya ganin cikar shago, abin da ya shiga asusu ya fita shi kaɗai yake karantawa. Jingina ma haka. Gidajen cikin gari da na unguwanni irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi, da yawansu takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa, alhali banki takardar mallaka ta gwamnati yake so, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake jinginar da ita. Ga kuma tsadar kuɗin kansa. Ma’aunin ruwa na Babban Banki yana kashi 11.5 cikin 100 a farkon 2022, ya kai 27.5 a watan Nuwamban 2024. A shekarar 2024 banki na iya ranta wa gwamnati kuɗi ya samu sama da kashi 20 yana zaune, to me zai kai shi bin mai tebur cikin layukan Kwari?

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da sanin manaja yake gyarawa.

Dillanci sana’a ce mai asali a garin nan, ba na raina ta. Amma kowa ya san ƙa’idarta, daga kara, kasuwar dabbobi, zuwa ’yan motoci zuwa masu filaye: sai ciniki ya faɗa, an ce an sallama, kuɗi ya sauya hannu, sannan a fitar da la’ada. Dillalin da ya nemi la’ada tun ba a ga saniyar ba, ai kowa zai tashi ya bar masa wurin. Abin mamaki, da an ce banki ne sai mu manta da wannan. Kuɗaɗen da banki ke caja a kan rance rubuce suke a takardar tayin da zai ba ka, daga cikin asusunka ake cirewa, kuma Babban Banki ya yi musu iyaka. Kuɗin gudanarwa, alal misali, ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na abin da aka ba ka. Duk kuɗin da aka ce ka tura asusun wani mutum, ko ka miƙa a ƙarƙashin bishiyar ƙofar banki, bankin bai san da zamansa ba.

Irin mai shaddar nan ma shi ne mai sauƙin sharri, don abin da ya ci ya ci, an rabu. Wanda ya fi shi haɗari shi ne wanda rancen zai fito da gaske. Shi wannan yana da ɗan hannu a ciki, zai gyara maka bayanan asusu su nuna cinikin da ba ka yi ba, ya samo takardar albashi ko ta kwangila ta bogi. In kuɗi ya fito ya zare kasonsa, wani lokaci kashi ɗaya cikin biyar, kai kuma ka biya duka har da ruwan abin da ba ka taɓa ba. Ranar da asiri ya tonu, sa hannunka ne a kan takardar jabun, maganar kuma ta tashi daga bashi ta koma zamba. Akwai na uku, wanda ba ya neman ko kobo, sai dai BVN da lambar katin ɗan ƙasa da “’yar lambar nan da za ta shigo wayarka yanzu”. Da su zai ci bashi da sunanka, sai dai ka ji ana nemanka. Tun watan Agustan 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin bashin da aka ƙi biya ya zaro shi daga duk wani asusu da ke ɗauke da BVN ɗin wanda ake bi a wasu bankuna.

In dillali ya gaza, sai a ce maka akwai wani bawan Allah da ke taimaka wa mutane, yau-yau za ka samu. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma ko za a kama, a san kaifinsa.

Mai bashi da ruwa ba ya faɗin farashinsa a shekara kamar banki. A wata yake faɗa, ko a mako, don adadin ya yi ƙanƙanta a kunne. Mu ɗauka ka karɓi dubu 500 a kan kashi 20 duk wata. Dubu 100 ke nan kowane ƙarshen wata. In ruwan kaɗai kake iya biya, kuma haka ya fi so, bayan wata biyar ka ba shi dubu 500 cif, uwar kuɗi kuma tana nan ko naira ba ta ragu ba. A shekara kashi 240 ne. Bankin da muke kuka da tsadarsa yana wajen kashi 30. Yanzu auna da cinikin. Mai teburin da ke cin ribar naira 5 a kowace 100, ya juya jarinsa sau biyu a wata, kashi 10 ya samu, tun kafin ya cire kuɗin tebur da na ɗan dako da cefane. Ya ari kuɗi a 20 don ya samu 10. Rabin ruwan daga jikin tsohon jarinsa zai riƙa fita, a hankali yadda ba zai lura ba sai ya ga tebur ya yi fayau.

Akwai wata dabarar da ko masu ilimin boko tana wuce su. A ce maka kashi 5 ne kacal a wata, miliyan 1 da dubu 200, a biya cikin shekara. Za a lissafa ruwan dubu 60 sau 12, a haɗa da uwa, a ce ka riƙa kawo dubu 160 duk wata. Ka lura, a wata na goma sha ɗaya, lokacin da abin da ya rage a kanka bai fi dubu 200 ba, har yanzu ruwan miliyan 1 da dubu 200 kake biya. In aka yi lissafin a kan ragowar bashi, kashi 5 ɗin nan kusan 8 ne. Shi ya sa ni ba na tsayawa jayayyar kashi. Nawa zai shigo hannuna yau? Nawa zan biya gaba ɗaya, a naira, kuma yaushe? In na makara da mako ɗaya nawa za a ƙara? Wanda ya ƙi rubuta amsoshin nan a takarda ya sa hannu, ya riga ya ba ka amsa.

Da yake nan Kano ce, ba mai fitowa ya ce riba yake ci. Yaron da ke makarantar allo ma ya san Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kuma alƙalin kotun shari’ar Musulunci ba zai tilasta wa kowa biyan ta ba. Saboda haka sai a sa mata rigar ciniki. Ka je neman kuɗi, Alhaji ya ce shi ba ya ba da kuɗi, kaya yake bayarwa. Ga buhun shinkafa goma, kowanne dubu 100, ka biya bayan wata biyu. Kai ba shinkafa kake so ba, shi ma ya sani, don haka ga yaronsa a bakin sito yana jira ya saya a dubu 75 kuɗi hannu. Buhunan ko motsa su ba a yi ba. Ka tafi da dubu 750, ana bin ka miliyan 1. Kashi ɗaya cikin uku ke nan a wata biyu, kashi 200 a shekara, ya yi kusa da na wancan mai ruwan da ake zagi. Ma’aikata ma sun san wannan hanya, a karɓi babur ko firji bashi daga albashi a karyar da shi a ranar. Malaman Malikiyya tun tuni suka yi bayani a kan cinikin da kaya ke zagayawa ya koma hannun mai shi, abin da ya rage a tsakani kuɗi ne kaɗan yau da kuɗi mai yawa gobe, suka hana shi. Wannan dabam yake da murabaha ta bankunan da ba sa ta’ammali da ruwa, inda bankin ke sayen kayan da kake buƙata da gaske, ya mallake shi, ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, wadda ba ta ƙaruwa don ka makara.

Duk da haka, a ganina abin da ke rusa gida ya fi yawa a wajen abin da mutum ya bari a hannun mai kuɗin. Ma’aikaci ya miƙa katin cirar kuɗinsa da lambar sirri. Ranar albashi mai bashi ne zai fara jin shigowarsa, ya ɗebi nasa, ya miƙo saura, sauran kuma ba ya kai wata, sai a sake karɓa. Na san waɗanda suka yi shekaru ba su riƙe katinsu ba. Ɗan kasuwa kuma a ce ya rubuta cek na gaba, “don dai a ajiye”. Rashin biyan bashi ba laifin ɗauri ba ne a dokar Najeriya, amma bayar da cek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi ne tun dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Da wannan ’yar takarda mai bashi ya samu sandar da doka ba ta ba shi ba.

Mafi muni takardar gida. An yi magana da baki cewa jingina ce, amma abin da aka kawo ka sa wa hannu takardar sayarwa ce, da shaidu, da farashin da bai kai rabin kuɗin gidan ba. “Ai tsari ne kawai, Alhaji, da ka biya za mu yaga.” In wa’adi ya cika ba ka biya ba, a gaban alƙali abin da ke rubuce shi ne ka sayar, kai za ka nemo hujjar cewa ba haka aka yi ba. Sau da yawa gidan ma na gado ne, da rabon marayu da na ’yan’uwa mata a ciki, ba kuma wanda ya sani sai an zo da mai fenti. Wanda ya tsaya wa wani shi ma ya san cewa ba shaida ya yi ba, alkawarin biya ya ɗauka.

Su kuwa manhajojin waya mutuncinka suke karɓa jingina. Ka nemi dubu 20, a turo dubu 16, a ce ka mayar da dubu 20 bayan kwana bakwai. Ruwan kashi 25 ke nan a mako guda. Lokacin sauke manhajar ka riga ka danna amincewa ta kwashi lambobin wayarka, to ranar da ka makara surukinka da limamin unguwarku za su samu saƙo da hotonka an kira ka ɓarawo. Abin ya yi ƙamari har hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a 2021 saboda keta sirrin mutane, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma wajabta musu rajista. A 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa shiga lambobin waya da hotunan mutane. Shi ya sa na yanzu suke zuwa ta saƙon WhatsApp, a turo maka mahaɗi a ce ka sauke kai tsaye. FCCPC tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su, dubawa ba ta ɗaukar minti biyar. Amincewarta dai ba ta nufin araha.

Wanda ya riga ya faɗa fa? Abu na farko ya daina cin sabon bashi don toshe tsoho, domin nan ne dubu 50 ke zama dubu 600 a manhaja bakwai. Ya zauna da biro ya rubuta abin da ya karɓa da abin da ya biya, da ranaku, ya tattara shaidar tura kuɗi da hotunan saƙonnin barazana. Mutane da yawa sai a nan suke gane sun biya uwar kuɗi har sau biyu. Sannan ya faɗa wa wani babba, yayansa ko ubangidansa ko shugaban layinsu a kasuwa, tun kafin mai bashi ya faɗa musu. Barazanar tona asiri ba ta da ƙarfi a kan abin da aka riga aka sani. A nemi zama, a gaban mai unguwa ko shugabannin kasuwa ko Hisba, a tsayar da ruwa, a yanke abin da ya rage, a rubuta, a kuma karɓo cek da kati da takardar gida a ranar da aka kammala. Mai ruwan da ke fakewa da sunan ciniki ba ya son a baje lissafinsa a gaban jama’a, sau da yawa a nan yake sassautowa. In an zo da ’yan sanda, dokar ’yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani, ko matarsa ce ko ɗansa. Ban ce ba a yi ba, ana yi, amma wanda ya je da lauya ko ya nemi hukumar ba da agajin shari’a kyauta, maganar takan sauya salo. Wannan duka ba lasisin cinye haƙƙin mutane ba ne. Uwar kuɗin da ka karɓa tana wuyanka, duniya da lahira.

Hanyoyin da suka rage ba su da sauri, shi ne aibinsu. Akwai bankunan da ba sa ta’ammali da ruwa, irin su Jaiz, wanda Kano na cikin garuruwa uku da ya fara buɗe reshe a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, sai dai su ma suna leƙa tarihin bashi kamar kowa. Akwai adashi, da ƙungiyoyin gama kai na ma’aikata. Wanda bashi ya yi wa katutu kuma yana cikin rukunin mutane takwas da Alƙur’ani ya ce a ba zakka, abin da masu fitar da ita a garin nan kan manta. Amma ga ɗan kasuwa, babban bankin Kano tun kafin zuwan Turawa shi ne amana, a ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi. Kwari da Singa da Dawanau a kan haka suke tsaye har gobe.

Can maƙwabcin nawa ya koma. Wani ɗansa ya nemo masa rahoton bashinsa ta waya, sai ga rancen korona da ya karɓa a 2020 ya manta da shi, yana nan da ruwansa. Ya fara rage shi kaɗan-kaɗan, ya kuma mayar da cinikinsa ta asusunsa na kansa. Na sallah kuwa, ya cire kunya ya je wurin tsohon ubangidansa, wanda ya yi wa yaron shago shekara shida. Dattijon ya yi masa faɗa son ransa a kan dubu 85 ɗin, sannan ya sa aka ƙirga masa turmi 40, aka rubuta a littafi, ya riƙa kawo abin da ya samu duk ranar Alhamis. Bai kai kayan miliyan 2 da ya so ba, ko rabi bai kai ba, kuma zanen da dattijon ya zaɓa masa ba duka ne ke tafiya ba. Turmi shida sun kwana har bayan babbar sallah.